Harshen Jikar Kande

Amira, Sadiƙ, wannan shi ne babin da na fi jan ƙafa wajen rubutawa, alhali saboda shi na sayi littafin tun farko. Ranar Asabar da ta wuce Amira ta dawo daga Islamiyya, ko jaka ba ta ajiye ba, ta tambaye ni da Turancin nan nata wai mene ne burkutu, wata yarinya ta ce mata ita Amira kakarta shi take sayarwa. Na ce ta je ta wanke hannu ta ci abinci. Ba ni da amsar da za ta shiga kunnen 'yar shekara tara a tsaye a ƙofar kicin. To ga amsar nan, ku karanta ranar da Hausarku ta yi ƙwari. Aji huɗu na yi a firamare, sai allo da Islamiyya, don haka in kun ga kuskure ku gyara harafi, amma kada ku gyara mini magana. Kuma yarinyar ma ba ta iya tsegumin ba. Kakata ce, ba kakarku ba. Ku tattaɓa-kunnenta ne.

Sunanta Kande. Bamagujiya ce, a wani ƙauye a kudancin Kano. Babana ya musulunta tun yana saurayi, amma da uwata ta rasu ina 'yar shekara uku, babu wanda ya miƙo hannu sai ita, ita ta goye ni har na kai shekara tara. Sana'arta dafa giya. Na ga yadda ake jiƙa dawa, a shanya ta a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu har ta fito da tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa. Ruwan ranar farko zaƙi ne zalla, ba abin da yake yi wa mutum, shi take zuba mini a ƙaramin ƙoƙo. Amma saboda tana tsoron wata rana in ta tafi kasuwa in ɗebi wanda ba nawa ba, sai ta riƙa tsoma ɗan yatsa a kowace tukunya tana ɗiga mini a harshe, tana cewa in riƙe.

"Na yau na yara ne. Na gobe na manya. Na jibi na mahaukata. Ki san ranar da ba taki ba."

Abin da Kande ta koya mini ke nan. Ba sha ta koya mini ba, sanin inda zan tsaya ta koya mini. Babanku ya san da ita tun kafin aure, bai kuma fasa ba, wannan na shaide shi. Sai dai ranar da takardunmu na tahowa Malesiya suka fito, ya zaunar da ni ya ce mutanen da za mu zauna da su 'yan birni ne, masu ilimi, maganar ƙauyenmu in bar ta a ƙauye. Na ce to. Shekarata ashirin a lokacin, duk abin da aka ce mini to nake cewa.

Muka sauka a unguwar Cheras, hawa na goma sha huɗu, ɗaki biyu da falo. Babanku yana fita da safe wajen karatunsa na dokta, ni ina kulle da Amira ina leƙen ruwan sama ta taga. Ban iya Turanci ba, ban iya yarensu ba sai boleh da makan, wato zai yiwu da cin abinci. A watanmu na uku ya yo mana tapau, wato ƙunshin soyayyar shinkafa, daga kedai, shagon abincin da ke ƙasan bene, ashe sun sa wani niƙaƙƙen jatan lande a ciki. Amira ta ci cokali uku, leɓenta ya kumbura, idonta ya rufe, numfashinta ya koma kamar na kyanwa. Abin da na gani a cikin tasi ranar nan kafin mu kai asibiti ba zan rubuta shi ba. Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari, ba abin da zai shiga bakin yarinyar nan sai ya bi ta nawa. Ruwa ne, alewa ce, magani ne, sai na ɗanɗana. Rubutun jikin kwali bai amfane ni da komai ba, harshena kawai nake da shi.

Matan 'yan'uwanmu ɗalibai suka lura, suka sa mini suna Kwastam, wai ba kayan da ke wucewa sai na bincika. Ban ji haushi ba, har amsawa nake yi. Yawancinsu masu digiri ne, wasu suna yin na biyu, in an zauna hira rabinta da Turanci ake yi, ni sai dai in yi dariya in na ga ana yi. Abu ɗaya ne ya ba ni wuri a cikinsu, kunun zaƙina. Na gano wani kantin Indiyawa a bayan Masjid India da ke sayar da dawa, sai na riƙa yin tsirona a baranda a ƙarƙashin jiƙaƙƙen tawul. Duk suna, duk walima, duk buɗa baki, sai an ce Maman Amira a yi mana jarka biyu. Suna tambayata sirrin, ina cewa hannu ne kawai. Hannun Kande ne, amma na riga na ce to.

Babbarmu a cikin matan ita ce Anti Binta, malamar jami'a ce tun a gida, tana karatun dokta ita ma, gidansu yana unguwar Sentul a cikin dogayen benayen nan masu wurin wanka a tsakiya. Mijinta Dokta Kabiru shi ne shugaban 'yan'uwa, kuma a jami'ar da babanku yake aiki a gida yana gaba da shi a sashe ɗaya. Ku riƙe wannan, zai dawo. A shekararmu ta biyu Dokta Kabiru ya kammala, aka sa walima ranar Lahadi bayan azahar a zauren taron da ke ƙasan benensu. Amira tana da shekara huɗu, Sadiƙ yana bayana, wata biyar. Na kai kunu jarka uku.

Maza suna gefe guda, mata suna gefe guda, an jera wa yara dogon tebur a tsakiya. A bakin ƙofa akwai manyan kuloli biyu cike da ƙanƙara da wasu ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, a jikinsu an zana zangarniyar alkama da yankan lemo. Anti Binta tana ta nuna su. Ta ce Dokta ya gaji da lemon gwangwani, shi ya sa ya je wata kasuwar ƙarshen mako inda samari ke sayar da abubuwan da suka yi da hannunsu, ya samo wannan, na hannu ne, ba na kamfani ba, babu sinadari ko ɗaya. Ta ce ɗan'uwan jinja-el ne, lemon cittar nan na gwangwani da kowa ke sha, sai dai shi wannan ana ce masa bulond, wato fari. Daga baya na ji yadda aka yi cinikin. Dokta ya je da wando jins da riga mai gajeren hannu, mai sayarwa ya ga baƙin mutum daga Afirka, bai tambaye shi addininsa ba, shi kuma ya ga haruffa ukun da ya saba gani a jikin gwangwani, bai tambayi komai ba. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya sani.

Ina can ina juye kunu a jug sai na waiga na ga Maman Haidar, maƙwabciyar Anti Binta, tana bin teburin yara tana tsiyaya musu a kofunan roba. Amira ta riga ta kama nata da hannu biyu. Na ajiye jug na isa gare ta, na ce kawo Mama ta gani, kamar kullum. Ta miƙo tana tura baki.

Tun kafin ya kai bakina jikina ya ba ni. Launinsa kamar zumar da aka sirka da ruwa, garau, kana hango yatsanka ta cikinsa. Lemon gwangwani kumfarsa tashi take yi fuu ta mutu nan take. Wannan tasa fara ce, mai laushi, ta zauna a sama abinta, in ka karkata kofin sai ta bar zane a jiki. Na kai hanci. Ƙamshin ɓawon lemo ne a sama, shi ya ruɗi kowa. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani, kamar ƙullin burodi da ya kwana a rufe. Shekara goma sha uku rabona da wannan ƙamshin, sai ga shi ya same ni a Sentul da goyo a baya. Duk da haka na ce kada in yi wa mutane ƙazafi da hanci kawai, na kurɓa kaɗan na riƙe a baki. Farkonsa ɗan zaƙi ne siriri, zaƙin tsiro, ba na sukari ba, wanda duk mai yin kunu ta san bambancinsu. Zaƙin bai daɗe ba ya janye, wani ɗaci mai tsabta ya biyo baya, kamar an wuce da ganyen shuwaka ta bakin tukunya ba a saka ba. Citta kuwa babu ko ƙwaya, ba abin da ya yi yaji. Na so in tofar, babu wurin tofarwa, ga mutane, na haɗiye. Sai ga ɗumin nan ya sauka a hankali daga maƙogwaro zuwa ƙirji, duk da sanyin ƙanƙara. Wannan ba na yau ba ne. Na gobe ne, an yi masa wanka an sa masa kayan yara.

Ban yi shawara da kowa ba. Na bi teburin ina karɓe kofuna daga hannun 'ya'yan mutane ina juyewa a bokitin wanke hannu. Wata yarinya ta sa kuka. Haidar, ɗan shekara biyar, ya riga ya sha rabin nasa yana yamutsa fuska. Kafin in kai ƙarshen tebur Anti Binta ta iso, tana murmushin masu baƙi.

"Maman Amira, lafiya? Me yaran suka yi miki?"

"Anti, wannan giya ce."

A hankali na faɗa, amma Maman Haidar ta ji, ta juya wajen mata ta ce yau dai Kwastam ta kama kaya. Aka yi dariya. Anti Binta ta ɗauko kwalba ta sa mini a gaban ido, ta bi rubutun da farce kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

"Kin ga nan? A, L, E. Shi ne dai a jikin gwangwanin da kike ba Amira kullum. Ba kowane abu mai kumfa ne giya ba."

"Na gwangwani citta ce da sukari, Anti. Wannan hatsi ne aka yi wa tsiro, aka dafa, aka tace, aka sa masa yis aka rufe shi kwanaki har ya tashi ya kwanta."

Dariyar ta ragu. Na lura da abin da ya rage ta, domin ni kallon mutane ne karatuna. A teburin maza kwalabe sun fi goma da aka riga aka shanye. Malamin da ya ja mu sallar azahar akwai ɗaya a gabansa babu komai a ciki, ɗazu na ji shi yana cewa akwai ɗan ɗaci amma yana wanke maƙogwaro. A cikin mata ma akwai mai riƙe da rabi. In maganata gaskiya ce, to duk sun sha. Ya fi musu sauƙi in zama mahaukaciya. Maman Haidar ta karɓi wata kwalbar ta buɗe, ta ce ita ba za ta bar ɗanta da ƙishi saboda tsoron wata ba. Anti Binta kuma ta daina murmushi.

"To ke a ina kika san ɗanɗanon giya? Kin taɓa sha ne?"

Duk ido ya dawo kaina. Na duba ɓangaren maza. Babanku ya miƙe tsaye, idonsa a kaina, ya girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda zai gani sai ni. Na gane. Zan iya cewa wari na ji, ko zato nake yi, a yi mini dariya, a ci gaba da walima, in riƙe Amira a cinyata in hana ta ita kaɗai. Wallahi na yi niyyar haka. Sai na ji ƙarar tsiyayar nan a kofin Haidar, na ga ya miƙa hannu.

Na ce kakata mai dafa burkutu ce, ita ta raine ni, shekara shida ina kwana ina tashi a gindin tukwanenta, na san ruwan da bai tashi ba na san wanda ya tashi kamar yadda na san sunana. Da na tsaya a nan, ƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma bakina ya riga ya buɗe, kuma gaskiya ce, sai na ƙarasa ta.

"Kuma wanda ya dafa wannan gwani ne. Bai ƙona ba, bai bari ta yi tsami ba, ya tace ta sarai. Shi ya sa ba ku gane ba. Mai sauƙi ce, babba zai sha ɗaya ya ji jikinsa ya saki kawai. Yaro kuwa za ta kayar da shi."

Wata ta yi salati. Ba don giyar ba, don yabon. Har yau in ana ba da labarin nan, wannan jimlar ake ɗauka, wai na tsaya a gaban malamai na yabi giya. Ban yabi giya ba. An tambaye ni yadda na sani, na faɗi yadda na sani. In tela ya ce rigar ɓarawo ta ɗinku, ba sata ya halatta ba.

Maman Haidar dai ta janye kofin, wannan kaɗai ya ishe ni. Babanku ya ɗauki kwalba ya juya bayanta, ya matsa kusa da taga. Can ƙasa, a ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero, an rubuta yawan barasar da ke ciki, huɗu da rabi cikin ɗari. Na ga lokacin da ya gani, domin kafaɗarsa ta sauka. Zaure cike da masu digiri, wasu biyu wasu uku, ba wanda ya juya kwalba kafin nan. Ya je ya raɗa wa Dokta Kabiru a kunne ya nuna masa. Na tsaya ina jira, na ce yanzu za a faɗa. Dokta ya gyara murya ya ce jama'a, an ɗan sami shubuha a kan wannan lemon, kuma addini ya koya mana barin shubuha, don haka a kwashe, ga kunu nan ga ruwa. Aka ce masha Allah, Dokta ya yi tsantseni.

Shubuha. Ni da ba ni da boko na san shubuha, an karantar da mu a Islamiyya, ita ce abin da ba a tabbatar ba, halal ne ko haram. Wannan an tabbatar, da harshe da rubutu. Kuma an karantar da mu cewa wanda ya sha bai sani ba babu laifi a kansa. Da Dokta ya ce jama'a na yi kuskure, giya ce, Allah Ya yafe mana, Ya saka wa wannan baiwar Allah, ba abin da zai ragu a jikinsa. Amma sai ya zaɓi kalmar da za ta rufe shi ta bar ni a waje. In shubuha ce, to ba wanda ya sha giya a walimar Dokta. Abin da ya tabbata a ranar guda ɗaya ne, matar Malam Nura, wato babanku, jikar mai burkutu ce, da bakinta ta faɗa. Kunun da ya ce ga shi nan, jarka biyu da rabi na dawo da su.

A jirgin ƙasa muna dawowa babanku ya zauna kusa da ni. Amira ta yi barci a jikinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, na yi daidai da na karɓe kofunan, amma da na ce wari kawai na ji.

"Na ce giya ce, an yi mini dariya. Wari ne za su saurara?"

"Saude, akwai abin da ba a faɗa a taro."

"Kai ma ka karanta, Malam. Ka gani da idonka. Me ya hana ka faɗa a taro?"

Ya ce in mun koma gida Dokta Kabiru ne zai zama shugabansa, ba a kunyata irin wannan mutum a ranar walimarsa. Na ce to ni wa zan zama, da ake kunyata ni. Ya gyara wa Amira kwanciya. Ba na rubuta wannan don ku raina babanku. Mutumin kirki ne, bai taɓa goranta mini Kande ba ko a ranar, kuma shi ya shanye kunun nan cikin kwana uku, yana cewa ya fi na kullum daɗi. Amma ranar ya ji tsoro, ni ma na ji tsoro, bambancin kawai shi ya yi shiru.

Abin da ya biyo baya ba faɗa ba ne, da faɗa ne da na ji sauƙi. Ana gaishe ni, ana tambayar yara. Sai dai suna biyu aka yi a watan, ba wanda ya ce a yi mana jarka. A guruf ɗin mata na waya wata ta rubuta, ba ta kama suna ba, cewa ya kamata a riƙa lura da kunun da ake sa wa tsiro, wa ya san kwana nawa yake yi kafin a kawo. Kunun da suka sha shekara biyu suna lashe baki. Kwastam ta mutu, aka haifi Jikar Mai Burkutu, ba a faɗa a gabana, amma suna irin wannan ƙafa gare shi, ga shi shekara biyar ya biyo sababbin zuwa har ya iso kunnen Amira. Wata mai tausayi ta ba ni shawara in ce kakar tawa ta tuba kafin ta rasu, a huta. Gaskiya ne ma, Kande ta yi kalmar shahada shekara biyu kafin rasuwarta, tukwanen suka koma na ruwa. Amma ban faɗa musu ba. Ba zan kai takardar wanke ta gaban mutanen da ta tsare wa 'ya'ya daga cikin kabarinta ba. Ku nake gaya wa, domin ku ne kuke da haƙƙin sani.

Wata bakwai bayan walimar, wata Talata da hantsi, babanku yana makaranta, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Anti Binta ita kaɗai, daga Sentul har Cheras, matar da ba ta taɓa taka gidana ba. Ta zauna a bakin kujera, ta yabi labule, ta ce Sadiƙ ya girma. Sai da ta gama zagaye-zagayenta sannan ta ciro wata 'yar gora daga jaka. Ƙaramin ɗanta yana fama da ciki, wata abokiyar karatunta ta ba ta wani shayi mai tsami da take haɗawa a gida, wai yana gyara ciki. Babu rubutu a jiki ko ɗaya. Yana ɗan kumfa.

"Maman Amira, ko za ki ɗan duba mini?"

Na daɗe ina kallon gorar. Akwai maganganu a bakina da na yi wata bakwai ina wasa su kamar wuƙa. Na so in ce ta juya bayanta ta karanta. Na so in ce ai shubuha ce, a bari mana. Amma yaron shekararsa uku, kuma ba shi ya yi mini ba. Na ɗauko cokali. Shayi ne da sukari, ya yi tsami kamar ruwan tsamiya, ya fara motsi amma bai tashi ba, babu ɗumin nan a ƙirji. Na ce mata na yau ne, amma yammacin yau. In ta ajiye a firji ta ba shi kaɗan, babu komai. In ya kwana biyu a waje da zafin garin nan, ya bar hannun yara, ta zubar. Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi godiya har sau uku, ta mayar da gorar jaka. A bakin ƙofa tana sa takalmi ta ce, ba ta kalle ni ba, don Allah zuwan nan nata ya tsaya tsakaninmu.

Na ce, "Ya tsaya, Anti. Amma in yaron ya samu sauƙi, ki yi wa Kande addu'a. Sunanta ke nan. Ba mai burkutu ba."

Ta ce insha Allah. Ban sani ba ko ta yi. Sun koma gida da daɗewa, kuma na riƙe mata alkawari shekara huɗu da wani abu, ban gaya wa ko babanku ba, sai yanzu da 'yata ta shigo mini da tambaya a baki.

Don haka Amira, in yarinyar nan ta sake faɗa miki, kada ki yi kuka, kada ki ƙaryata, kada kuma ki kai ƙara wajen malama. Ki ce mata e, haka ne, sunanta Kande. Sannan ki ce ta je gida ta tambayi manya, a walimar Sentul, cikin masu digiri sama da talatin, wa ya juya kwalba kafin a sha, kuma wa ya karɓe kofi daga hannun yara.